Hook ɗin da ya hana a goge Yaya Sabi'u

Yaya Sabi'u ya rasu. Da safen nan ƙanwarsa ta kira ni daga Djougou, ina tsaye da kofin koko a hannu. Daga Allah muke, gare Shi muka nufa.

Na so in rubuta alherinsa kawai. Amma abin da na gani yau a ofishinmu ya tsaya mini a wuya, sai na faɗa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ya gina manhajar ƙungiyarmu ta masu ba da jini a nan Parakou. Shi ya koya mini rubuta code, wato umarnin da kwamfuta ke bi, a ɗan shagonsa na Zongo, lokacin ko maɓallin kunna kwamfuta sai na lalubo.

Ranar da na yi kuskure na goge masa aikin sati guda da hannuna, na zauna ina kuka. Bai yi faɗa ba. Ya fita ya sayo mini wagashi soyayye, cukun nan na Fulani, ya ce, "Ci tukuna, Ramatu. Mai yunwa ba ya gyara code."

A manhajar, kowane mai ba da jini yana rataye ne da sunan wanda ya yi masa rajista. Idan asibiti na neman jini, wayar mai rajistar ce ke ƙara, shi zai nemo mutumin. Yaya Sabi'u ya fi kowa mutane. A kan babur ɗin ƙungiya ya tara su, daga mahautan kasuwar shanu har manoman ƙauyen Bariénou, yana zama yana lallashinsu har tsoron allura ya fita.

To, yadda aka ɗaura su a database, wato rumbun bayanan manhajar, idan aka goge mai rajista, duk mutanensa sai su bi shi su ɓace. Ya san da haka. Shi ya sa ya rubuta abin da muke kira hook a ORM ɗinmu, mahaɗin manhaja da database. Hook ɗan umarni ne da ke tashi da kansa kafin a goge wani, ya duba, in akwai mutane a ƙarƙashinsa ya hana. Na taɓa tsokanarsa cewa layi shida kacal ya ɓata wa yini guda. Ya yi dariya ya ce wata rana wani mai gaggawa zai zo.

Mai gaggawar ya zo yau.

Ko wanka ba a yi wa gawar ba, shugabanmu ya kira ni ofis. Na ɗauka maganar motar zuwa jana'iza ce. Na tarar da shi da ɗan ƙanensa, ƙato da gemu, sun duƙa kan kwamfuta. Ashe kujerar Yaya Sabi'u da babur ɗin ƙungiya aka riga aka ba ɗan ƙanen, ya danna a goge sunan marigayin, manhaja ta ƙi.

Ga abin da ta rubuto musu, da Faransanci da Hausa: "Wannan mutumin yana da mutane. Sama musu mai kula kafin ka cire shi."

Shugaba ya juyo ya ce, "Ramatu, wane irin shirme ne mamacin nan ya bar mana?"

Mamacin nan. Mutumin da ya yi shekaru yana gaishe shi da Baba.

Na ce abu ne mai sauƙi, a mayar da mutanen ƙarƙashin sabon. Nan ɗan ƙanen ya ɗago. "Ah non, non. Ni wayata ba za ta zama ta asibiti ba. Ƙauyawan nan ma ban san su ba."

Babur yake so, da kati mai hoto a wuya.

Sai shugaba ya ce ai ya ji ana iya shiga database kai tsaye a goge, hook ɗin ba zai ma sani ba. Gaskiya ne, ana iya. Na gaya masa duk mutanen za su tafi, da lambobinsu da rukunin jininsu. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Za mu tara wasu. In ba za ki iya ba, akwai masu iyawa."

Wallahi ƙyama ta kama ni. Ban taɓa jin ƙyamar ɗaki da mutanen cikinsa irin ta yau ba.

Ganina na ƙarshe da Yaya Sabi'u a Gare ne, tashar mota, sati biyu da suka wuce, zai hau motar Djougou ya je jinya wajen mahaifiyarsa. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Duk da haka sai da ya tsaya yana tuna mini wani manomi a Bariénou, Baba Isa, mai jinin da ba a cika samu ba. "Ba ya ɗaga baƙuwar lamba da wuri. Ki yi ta kira, kar ki gaji."

Ban goge kowa ba. Na zauna a gabansu na mayar da mutanen nan ƙarƙashin sunana, ɗaya bayan ɗaya, suna kallo. Sunan Yaya Sabi'u kuwa ban taɓa ba, wanda ya iya ya danna da hannunsa. In gobe an ce na bar aiki, kun san dalili. Hook ɗin na nan, sai su fara sama wa mutanena mai kula.

Muna cikin mota a hanyar Djougou wayata ta yi ƙara. Wata mai haihuwa ce ta zubar da jini, kuma irin na Baba Isa ake nema. Sau huɗu na kira kafin ya ɗaga.

Ya ce, "Wace ce? Ina Sabi'u?"

Ashe bai ji rasuwar ba. Ni na gaya masa. Sai ya ce, "Wane asibitin? Bari in nemo babur."

Bai samu jana'izar ba. Lokacin da ake sallar, yana kwance da allura a hannu.

Ya Allah, bawanka Sabi'u ya bar mata da 'ya'ya uku da tsohuwa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowane ɗigon jinin da ya nemo wa wani ya tsaya masa a ranar hisabi. Ka sama wa iyalinsa mai kula.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.