Baba Tumba da Tagwayen Kwalabensa

Duk wanda ya zauna a Nassarawo zamanin jihar Gongola ya san Baba Tumba mai gyaran rediyo, kuma ya san maganarsa guda ɗaya: "Bari ya yi zafi." Ka kai masa rediyo, bari ya yi zafi. Ka kai masa ƙarar matarka, bari ya yi zafi. Shi a Hausarsa ta mutumin dutsen Michika komai "ya" ne, har mace.

Rediyon zamani mai batir kuwa ko taɓa shi ba ya yi. Nasa sai mai kwalabe a ciki, irin wanda sai sun yi ja kafin ya yi magana. "Abin da ya fara surutu da an taɓa shi," in ji shi, "ba shi da tarbiyya."

Ni maƙwabcinsa ne. A lokacin na haura arba'in, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, sai malaminmu ya ce ni zan karanta jawabi ranar ba da takardar shaida. Ni kuwa muryata ko kaza ba ta kora. Matata da 'ya'yana duk za su zo. Na kai wa Baba kukana.

"Ɗan makaranta," ya ce, "zan haɗa maka na'uran da za a ji ka har Maiha."

Ya zana mini abin a ƙasa da tsinke. Manyan kwalabe biyu ne za su yi aikin, ɗaya ta tura sauti, ɗaya ta jawo, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Sai dai dole ƙarfinsu ya zo daidai. Irin kwalbar da ake so ɗaya gare shi. Na ce ai ga wasu nan cike da kwali.

"Kai! Za ka haɗa budurwa da tsohuwa a turmi ɗaya? Ai sai su fasa wa juna kai!"

Haka ya hau kekensa har Betso, wajen wani tsohon soja da aka ce yana da irinta a mataccen rediyo. Ya dawo da ita naɗe cikin hularsa, kansa tsirara a rana.

Sai naɗin taransifoma, wanda da hannu yake yi. Wayar ma daga tsofaffin injuna ya warware ta, don Baba bai yarda akwai abin da ake kira shara ba. Kowace kwalba da ɓangarenta, kuma zagayen waya dole ya zo daidai, ko ɗaya kada ya fi. Shi yana naɗi yana ƙirga, ni ina rubuta lamba a littafina. Ana cikin haka sai ga fastonsu.

"Salama, Baba Tumba."

"Ɗari huɗu da sha ɗaya."

"Yaya iyali?"

"Ɗari huɗu da sha biyu."

"Kwana biyu ba mu gan ka a sujada ba."

Baba ya ɗaga kai zai kare kansa, ƙirga ta ɓace. Na nuna masa littafina, na ce ga inda muka tsaya. Ya ce shi bai yarda da rubutun da bai kai shekara ba. Wallahi sai da muka warware ta kaf, kuma Fasto ne ya riƙe mana waya!

Ranar taro filin firamare ya cika. Baba ya turo na'urarsa a baro, ya ɗaure lasifika a kan bishiyar darbejiya. Aka kira sunana, ya kunna. Na kama karatu, baƙaƙen suna gudu a takarda, ga shi ba wanda ke jin komai. Dariya ta fara daga baya. Na hango matata ta sunkuyar da kai.

Sai Baba ya miƙe ya daka wa taron tsawa, har da manyan baƙi: "Bari ya yi zafi!"

Muka tsaya duka muna kallon kwalabe biyu suna ja a hankali. Cikin wannan jira numfashina ya dawo, baƙaƙen suka zauna wuri ɗaya. Da Baba ya ɗaga mini yatsa na sake daga farko, sai wata murya ta fito, har ni kaina na waiga ina neman mai ita. Jakin wani Bafulatani ya tsinke igiya! Na karanta har layin ƙarshe ban yi tuntuɓe ba.

Da aka watse na je yi masa godiya, yana naɗe wayoyinsa. Ko kallona bai yi ba.

"Kai ma kwalba ne, Audu. Shekara arba'in kana ɗumi. Yau ka kama."

Wannan rubutun ma da hannuna na yi shi, Baba, kuma yanzu ya wuce shekara. Allah Ya ba ka hutu mai sanyi, Ya duba bayanka.