Kabarin Inna a Bakin Kogi

Fassi zuwa Kibiya

Ana sallame Asuba na bar Fassi da buhunan wofi goma. Yaya Hadiza ce ta taso ni. An aiko mata daga ƙauyenmu na asali, can bayan Rano, cewa kogi ya fara cin maƙabartar da Innarmu take kwance. Mata ba sa shiga, dole sai ni.

"Ka dai san wurin ko, Sule?"

"Haba Yaya, gindin aduwa ne fa."

Da ƙarfi na faɗa, amma a raina ban tabbata ba. Rabona da wurin shekara tara. Shida da rabi ɗan acaɓa ya sauke ni a Kibiya, bayan na tura masa babur sau biyu a taɓo.

Kibiya zuwa Rano

Mota ta ƙi cika sai takwas saura. A shinge ɗan sanda ya latsa buhunan.

"Malam, hatsi za a saro?"

"Ƙasa zan ɗura, yallaɓai."

Ya ƙare mini kallo, ya ɗaga mana hannu. A Rano na sayi ƙosan ɗari biyu, na kasa ci.

Bakin kogi

Wani babur ɗin ya bi da ni ta kufan ganuwa, duwatsu na hagunmu. Ƙarfe goma na ga kogin da muka yi wanka muna yara, ya yi jawur ya batse. Na duba gabas, na duba yamma, babu aduwa.

Malam Idi, dattijon da ke kula da maƙabartar, ya ce, "Tun Talata ruwa ya tafi da aduwar, haɗe da kabari uku."

"Baba, na Inna Hajara fa?"

"Wanda ya haƙa shi ya rasu, ɗana. Kai da ka sa ta, kai za ka nuna mini."

Tudun duk iri ɗaya, kowanne da fasasshiyar tukunya. Wallahi kunya ta fi tsoron yawa. Muka ɗura buhunan, muka jera wa kabari biyar da ke gaɓa, har La'asar.

Gida

Da Magariba na iso, Yaya na tsaye a soro.

"Tana nan?"

"Ban gane wurin ba, Yaya. Na dai tare wa biyar."

Sai ta shiga ɗaki ta juye masararta a tabarma, ta miƙo mini buhunan.

"Gobe ka koma."

Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, Malam Idi kuma Allah ya biya shi.