Lawal da Kiran La'asar Ranar Tsere

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Lawal makwancinsa a Daura, ni ne kuma na kama makara ta wajen kai. Wanda bai san mu ba zai ce aminci ne ya ba ni wannan wuri, kuma bai yi ƙarya ba, don tare muka koyi tuƙi, tare muka fara jigilar fasinja daga Daura zuwa Zango da Baure. Amma akwai dattawa a wurin da suka san cewa hannun daman mamacin, wanda aka sha fama kafin a miƙar da shi wajen wanka, ni na karya shi. Sun dube ni, na dube su.

Samarin yanzu da ke juya mota a wurin biki har taya ta yi hayaƙi gani suke su suka fara hauka. To, mun riga su. A zamaninmu direbobin tasha muna da tseren da muke yi shekara-shekara, ba da sanin hukuma ba, a wata hanyar burji da ta zagaye 'yan ƙauyuka tsakanin Zango da Baure. Tseren juriya ne, kuma da motocin da muke cin abinci da su ake yi, wagon ɗin nan masu dogon baya. A cire kujerun fasinja, a tashi da hantsi daga filin kasuwar wani ƙauye, a yi ta zagayawa. Da azahar kowa ya tsaya ya yi salla ya zuba mai, a ci gaba. Wanda ke gaba a lokacin da aka kira la'asar a masallacin ƙauyen, shi ya ci. Babu kofi, babu kyauta, suna ne kawai. Shekara guda ana nuna ka a tasha, fasinja na rububin motarka, kuma don wannan sunan wallahi muna iya cinye juna ɗanye.

A kowace mararraba akwai mai tuta, da jan ƙyallensa da gungumen itace. In ya ji kiran la'asar daga lasifikar masallaci, sai ya gindaya itacen, ya karkatar da duk motar da ta zo ta hau kwalta ta koma kasuwa a hankali. An rantsar da masu tutar nan kada su saurari komai in ba kiran ba, saboda wata shekara wani ya tura mutum a babur ya ce an tashi, aka tare abokin karawarsa a banza. Tun daga nan, ko shugaban tasha ne ya zo da kansa, ba sa motsa itacen.

A shekarar da nake magana damina ta faɗi da wuri. Tun bayan azahar hadari ya rufe gabas, gari ya yi duhu kamar magariba, sannan ruwa ya kece. Motoci suka fara zubewa. Wata ta zame ta daki kuka, wata ta kife a gonar gero ƙafafu sama, aka zaro direban ta taga da karyayyar ƙafa. Mu da muka rage ba wanda ya ɗaga ƙafa daga totur. Lawal na gaba, ina biye da shi, tsakaninmu bai kai minti biyar ba. Waifata ta mutu tun a zagayen da ya wuce, don haka na fito da hannun hagu ta taga ina goge gilashi da tsumma, na dama na riƙe sitiyari, ba na ganin abin da ya wuce hancin motar. A hannun hagun nan akwai agogon da kawuna ya kawo mini daga aikin Hajji, wanda tasha duka da shi ake saita agogo. Na fi ji da shi fiye da motar.

Abin da ya faru da Lawal daga baya na ji shi. Kafin a shiga kasuwa akwai kwalbati a kan wata ƙorama da ba ta taɓa damun kowa ba. Ran nan ruwa ya cinye ƙarƙashinta. Yana hawa ta rufta da bayan motar, ƙirjinsa ya bugi sitiyari, goshinsa ya fashe a gilashi. Ya fito ta taga, ya rarrafa ya hau gaɓar da ke ɓangaren kasuwa, yana waiwaya ruwa ya ja motar. Ya sheƙa da gudu wurin Alhaji Tanimu, shugaban tasha kuma alƙalin tseren, yana cewa a tsayar, kwalbati ta tafi. Jama'a suka tuntsire da dariya. Mutumin da ke gaba, motarsa ta mutu, ya zo yana cewa a tashi, ai kowa ya san wannan wayon. Ko da ma sun yarda, mai tutar ƙarshe yana can ƙetaren ruwa, ba hanyar isa gare shi, kuma ba zai saurara ba.

Ladanin ƙauyen, Malam Buba, tsoho ne da ke gane lokaci da inuwar sanda, ran nan kuwa babu inuwa tun azahar. Yana tsaye a ƙofar masallaci yana kallon sama Lawal ya wuce shi, jina-jina, taɓo har gwiwa, ya kunna lasifika ya kira la'asar da bakinsa.

Ni a lokacin saura ƙiris in wuce mararrabar ƙarshe. Sai ga gungume a gabana. Na taka birki, motar ta yi juyi biyu ta tsaya. Na dubi agogona, na ga saura minti ashirin da biyar lokaci ya shiga. Mai tuta ya ce, "Muryar ma kamar ta Lawal ce." Ban san yadda na isa kasuwa ta kwalta ba, na dai san ina tuƙi ina zagi.

Na tarar da wuri ya riga ya hargitse. Alhaji Tanimu ya duba nasa agogon ya ce lokaci ya yi, Lawal ya ci, mutanena kuma suna cewa ai don Lawal surukinsa ne. Akwai wasu agoguna biyu ko uku a wurin, kowanne da abin da yake faɗa. Kowa ni yake jira. Na haye kan benci, na ɗaga wuyan hannuna cikin ruwan nan, na ce, "Saura minti ashirin da biyar! Ya saci tsere, ya saci salla!"

Maganar nan ita ta kunna wutar. Aka jawo Lawal daga ƙofar masallaci da wuyan riga. Malam Buba ya shiga tsakani, aka hankaɗe shi ya faɗi, aka bi ta kansa. Wani ya maka wa Alhaji Tanimu benci a baki, haƙoransa suka zube a taɓo. Mutanen Lawal suka ɗauko jak da bel, namu suka ɗauko duwatsu da turakun rumfa, gilasan motoci suka yi ta tarwatsewa, mata masu tuyar ƙosai suka watse, mai ya kife a ƙafar wata. Na koma mota na ɗauko sifanar taya. Ina so in ce ban san na ɗauko ba, amma na sani. Jama'a suka buɗa mini hanya. Yana kwance rigingine, jini ya rufe masa ido ɗaya, ya gan ni ya ce, "Sabi'u, kwalbati." Na ɗaga sifanar, kansa na nufa. Ya tare da hannun dama, na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Na sake, na sake. A na huɗu ne wasu makiyaya da suka fake wa ruwa a rumfar kasuwa suka riƙe ni, su da ba su san kan zancen ba.

Da na zo alwalar magariba ina wanke jininsa daga hannuna, na dubi agogon. Yana nan inda yake, saura minti ashirin da biyar la'asar ta shiga, ruwa ya taru a cikin gilashinsa. Tun ina goge gilashin mota ya sha ruwa ya tsaya, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Da safe na tafi ni kaɗai na ga kwalbatin. Ramin ya fi tsayin mutum biyu, motar Lawal na can ƙasa a nannaɗe da wata bishiya. Na tsaya na auna da idona. Da gudun da nake yi, da makantar da nake ciki, ko birki ba zan taɓa ba.

Sannan na koma tasha na ce ai ni ba makaho ba ne, da na hango ramin da kaina, kwalbati hujja ce kawai ya samu. Agogon kuma na jefa shi ƙasan akwati na ce ya ɓata a rigimar. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ga abin da jama'a suka yi wa mutum a kan maganata, na san abin da za su yi mini in na janye ta.

Ba a ƙara yin tseren ba. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun ya warke a lanƙwashe, bai sake riƙe sitiyari ba. Mutumin da ba a taɓa wuce shi a hanyar Baure ba ya koma kamasho, yana kiran fasinja yana cika motocin wasu, har da tawa. Suna kuma ya bi shi, ɓarawon la'asar. Bayan wata uku shi ya fara yi mini sallama, ya tambaye ni iyali, kamar sa'insa muka yi a kan kujerar gaba. Na amsa ina kallon ƙasa. Haka muka koma cin abinci a kwano ɗaya shekara da shekaru, yana ci da cokali saboda yatsun ba sa damƙa, ina kallo.

Yanzu in na bi ta wurin nakan yi tunanin abin da zai ce. An yi gada ta kankare a inda kwalbatin take. Kowane mai tallan rake yana da waya a aljihu, da za a kira mai tuta a ce masa ya tare hanya, magana ta ƙare. Wayar ma ita ke gaya wa mutum lokacin salla, ba ruwanta da hadari. Na san dariya zai yi, ya ce shi dai ya yi sammakon zuwa duniya. Amma ban tabbata zai ce mun gyaru ba. Har yanzu mutum ɗaya ne ke hawa benci ya yi ihu, sauran su ɗauko duwatsu, bambancin kawai yau wasu za su tsaya suna ɗauka a waya. Da a yanzu ne, da 'ya'yana sun kalli ubansu da sifana a hannu, kuma wataƙila da hakan ya fi mini.

A ciwon ajalinsa na je na zauna a bakin gadonsa, na ce ina da magana a kan agogon nan. Bai bari na ƙarasa ba.

"Na sani," in ji shi. "Ina kwance kana dukana, shi nake kallo. Ruwa ne cike da gilashinsa."

Na ce, "Lawal, me ya hana ka faɗa?"

"Ran nan? Ai da kai za su koma wa. Na sha wahalar tsayar da kai, sai kuma in miƙa ka?" Ya yi tari, ya huta. "Ni ban san ko lokaci ya yi ba, Sabi'u, na roƙi Allah gafara a kan wannan. Kai dai ka gaya wa mutane saboda yaran nan."

Na ce in sha Allahu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina cewa gobe.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru watan jiya. Ladanin unguwarmu ya tsufa, aka zauna bayan salla za a zaɓi wanda zai karɓe shi. Aka ambaci Nura, babban ɗan Lawal, malamin makaranta, mai murya irin ta ubansa. Wani dattijo daga sahun gaba ya ce, "A'a, gidansu ba sa jiran lokaci." Masallaci ya ɗauki dariya. Nura ya yi murmushi, ya ɗauki takalmansa ya fita. Ina zaune a wurin, carbi a hannuna, ban ce uffan ba. Wannan dukan ya fi na sifana muni, don wancan cikin fushi na yi shi, wannan kuwa da hankalina.

Me ya rage na Lawal? Motarsa ruwa ya ci, tseren ya mutu, waɗanda suka ga tuƙinsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage ni ne. 'Ya'yana bakwai, dukansu bayan ranar nan aka haife su, ga jikoki suna cika mini tsakar gida. Duk wanda na ɗauka a cikinsu, kiran la'asar ɗin nan ne ya ba ni shi. Shi kuma abin da na ba 'ya'yansa suna ne da ake yi musu dariya da shi a ɗakin Allah.

Don haka ga ta a rubuce, jama'ar Daura da Zango da Baure. Lawal bai saci komai ba. Agogona ne ya tsaya, na kuma sani tun magaribar ranar. Na ciro shi daga akwati, ranar Juma'a zan kai shi masallacin unguwa in ajiye a gaban liman, in faɗa da bakina a gaban waɗanda suka yi dariya. Duk abin da za a kira ni da shi daga ranar, na yarda, nawa ne.

Nura, ɗana, ban ce ka yafe mini ba. Ka dai zo ka kira mana la'asar.

Allah ya jiƙan Lawal, ya miƙar masa da hannunsa a Aljanna.