Polo na Gangara

Sunansa na yanka Jaye, amma a Gangara ba mai kiransa haka. Ranar da ya fara sauka da shanunsa bakin rijiyarmu aka tambaye shi ko shi wane ne, ya dafa ƙirji ya ce, “Pullo,” wato Bafillace da harshensu. Bakinmu na Hausawa, da ba ya barin kalma yadda ya same ta, ya murɗe ta ta koma Polo.

Kowa ya kawo fassararsa. Dogo, direban da ke zirga-zirgar Katsina, ya ce polo wasa ne na masu hali, a bisa doki ana dukan ƙwallo da sanda. Malamin lakol, wato makarantar boko, ya ce ba haka ba, riga ce mai ƙaramin wuya. Jaye ya bar su da gardamarsu, shanunsa suna ta haihuwa.

Sai ga fari na shekarar tamanin da huɗu. Garken da ke tada ƙura in ya doso gari ya ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura karsana guda, ja, jikar saniyar da ubansa ya ba shi. Mahauta suka yi ta sintiri ƙofarsa suna tayin hatsi. Ya ƙi. Ni da idona na ga tsohon nan bisa gawo yana kakkaɓo mata 'ya'ya, da gawon ya ƙare ya zare ciyawar rufin bukkarsa ya ba ta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don mu da muka sha nonon garken nan dariya muka yi masa.

Dogo ya fi kowa. Da aka kawo gwanjon agaji, ya zaro riga polo ya miƙa wa Jaye gaban jama'a. “Amshi takwararka, Polo. Bahillacen da ba shi da saniya ai riga ce ba mutum ciki.”

“Saka ma ɗanka,” in ji Jaye. “Ni ina da saniya.”

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka karsanar ta kwanta, aka ɗaga ta ta ƙi tsayuwa. Jaye bai aika wa mahauci ba. Ya shafa wuyanta, ya yi mata magana da Fillanci, ya yi bisimilla ya yanka da hannunsa. Ɗan naman da ke jikinta ya kasa shi gida gida, shi ko tsoka bai taɓa ba. Kason gidan Dogo, inda yara suka kwana biyu kan ganyen tafasa, shi ya kai da kansa.

Dogo ya karɓa, ya kasa ɗaga ido. Can ya ce, “To Baffa, yanzu mi za mu ce maka?”

“Abin da kuka saba,” in ji Jaye. “Saniya aka yanka, ba ni ba.”