Barewar da Moro Ya Kankare

Moro mutumin Salaga ne, ɗan maharbi, amma a New York aikinsa kula da tsofaffi. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga su daga gado, yana yi musu wanka, yana sauya zanen da suka ɓata. Ba shi da yawan magana. In mutum ya ce zai yi abu, Moro jira yake ya gani.

Cikin waɗanda ya yi jinya akwai Mista Pruitt, wani Bature a unguwar Bronx, ba ɗa ba jika. Hankalinsa ya soma gushewa, har yakan kira Moro da sunan ƙanensa da ya mutu. Abu guda ne bai ɓace masa ba: bakan farauta da ke rataye a bangonsa, mai kawuna biyu da suka lanƙwasa gaba. Kullum sai ya ce shi ya sassaƙa shi a 1958. Sauran ma'aikata dariya suke yi. Moro kuwa ya ga yadda tsohon ke riƙe itace, ya san hannun mai sana'a ne.

Daf da rasuwarsa, a 2014, tsohon ya miƙa wa Moro bakan. "Kai wa masu harbi, su rubuta sunana. Kada a ce na zo na tafi ban yi komai ba."

Moro ya ce to, ya kawo bakan ɗakinsu a unguwar University Heights. Ɗaki ɗaya ne, nan suke kwana, nan suke salla. A jikin bakan akwai zanen barewa da tawada, da wasu 'yan layukan rubutu a ƙarƙashinta, da kwabon tagulla mai kan dabba a mariƙi.

Matarsa Adjara ta duba ta ce, "Maigida, hoton dabba za ka rataye mana a alƙibla?"

Ya ga gaskiyarta. Ran Lahadi ya sa wuƙa ya kankare barewar har da layukan, ya ɓamɓare kwabon ya jefa a shara, ya shafe itacen da man kaɗe kamar yadda babansa ke yi. Bakan ya yi sheƙi.

Sai bayan wata huɗu ya sami hutu ya kai shi wani shagon 'yan harbi a unguwar Queens. Mai shagon ya sa tabarau, ya juya shi gaban fitila, ya daɗe yana shafawa.

"Aiki mai kyau. Amma da kwabon ake sanin shekara. Mai sassaƙa kuma a nan yake sa hannu, ƙarƙashin zanen. Wa ya goge?"

"Ni."

"Don me?"

Moro bai ga amfanin bayani ba. Ya ce, "Sunansa Pruitt. Ni shaida ne."

"Ka ga lokacin da ya yi shi?"

"A'a."

"To, mutum ɗari sun yi irinsa a shekarun nan. Ba zan rubuta abin da ban gani ba."

Moro bai yi musu ba. Da shi ne, haka zai ce.

Da ya koma gida ya yanki takarda, ya rubuta sunan tsohon da shekarar, ya manna inda barewar take. Man kaɗen ya hana ta kamawa. Sau uku tana faɗuwa. Ya tsince ta ya sa a aljihun rigar aikinsa, ya fita, don akwai wani tsoho da ke jiran wanka ƙarfe biyu.