Kwana biyu na lissafa, huɗu na rubuta

Litinin, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Ina ɗakina a Malumfashi, kwamfuta a cinya, buhunan masarar Baba jingine da bango.

Shugabarmu a kamfanin haɗa manhaja, wadda ban taɓa gani ido da ido ba, ta turo saƙo daga Abuja: kwana nawa gyaran shafin rajista zai ɗauke ni? Ranar Juma'a wata ukun gwajina zai cika, kuma sau biyu ina cewa kwana biyu, ina kaiwa huɗu.

Na lissafa, awa goma sha huɗu, kwana biyun aiki cif. A gidan nan babu wanda zan tambaya, gani suke danne-danne kawai nake yi. Sai na kira Malam Kabiru, wanda ya daɗe a kamfanin.

"Ka ce huɗu," in ji shi.

"Malam, ai ƙarya ce. Biyu na lissafa."

Ya yi dariya. "Kai Injiniya! A biyun naka ka sa ɗauke wuta? Ka sa ranar da Baba zai ce tashi mu je ta'aziyya Kafur? Ko ce masa za ka yi kana da shafin rajista?"

Makon jiya ma haka aka yi, sai dai garin Ƙarfi muka je.

Na rubuta huɗu. Ta amsa da "To" kawai.

Ku da kuka daɗe a aikin nan, ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ko ta lura na ƙara.

In na gama da wuri, ko in miƙa ko in jira Alhamis.

Ko Litinin mai zuwa za a turo mini wani aikin.