Gudun Jaki Biyu Ne

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena, Malam Idi. Shi aka kai boko har ya zama malamin lissafi a Gezawa. Ni aka bar wa jakuna. Ban iya karatu ba, amma na san haruffa biyu, kuma shi ya nuna mini su.

Wata shekara ya sayi gona gajiyayyiya, yashi zalla. In ba ta sha taki kafin ruwan shuka ba, iyalinsa ba su da hatsi. Takin yana ruga, ni ne mai ɗaukowa. Ya tsuguna a gindin gawo ya yi zane da tsinke. Ya ce N nisa ne, G gudun jaki, N a kan G lokacin tafiya ɗaya. Ya sa biyu a gabansu, wai zuwa da dawowa. Lissafi ya ba shi sawu shida a wuni. Don haka ya ce babu sauri, mu jira hutun makaranta.

Na ce, "Malam, G ɗin nan na wane jaki ne? Mai kaya ko marar kaya?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, jaki ai jaki ne."

"To, ɗora masa mangala ka gani."

Bai ji ba. Da ƙyar muke yin sawu huɗu. Ruwa ya sauka rabin gonar ba taki, geron wajen bai wuce gwiwa ba. A rumbun gidana suka ci har kaka ta zagayo.

Bai taɓa cewa na fi shi gaskiya ba. Sai dai ya sake tsugunawa a gabana, ya rubuta N a kan G sau biyu, ya bambanta G na zuwa da na dawowa. Haka ya koyar har ya bar aiki.

Yau motar a-kori-kura ke jigilar taki, jakunan sun ƙare. Waya ce ke faɗa wa mutum yaushe zai isa Kano. Da yana nan, na san zai ƙura mata ido ya ce, "Ke kin taɓa bin hanyar da damina?"

Bai mutu ya bar gidan siminti ba. Amma shekara uku ya yi yana bin jakuna da ƙafarsa, har yashin nan ya yi baƙi. 'Ya'yansa daga gonar suke ci har yau. Allah ya jiƙan Idi.